Babi na 7: Giya a Kan Jirgin Ganguna

A farkon shekarun 1950 wani manomi mai suna Ambrose Weeres, a garin Richmond na jihar Minesota ta Amurka, ya jera gangunan ƙarfe sahu biyu, ya yi musu walda baki da baki, ya shimfiɗa katako a kansu, ya maƙala inji a baya. Abin da ya fito daga hannunsa shi ne jirgin da ake kira fontun a yau: dandamali shimfiɗaɗɗe a kan dogayen bututu biyu masu iska a ciki, ba shi da zurfin ciki irin na kwale-kwale. Minesota tana da tafkuna sama da 11,000, saboda haka kasuwa ba ta yi masa wuya ba, har ya kafa kamfani. Yanzu masana'antu ne ke ƙera irin wannan jirgi da alminiyam, amma aikin hannu bai mutu ba. Har gobe a Amurka da Kanada akwai masu sayen gangunan roba na lita 208, su ɗaure su a ƙarƙashin katako, su kafa tanti a sama, su ɗora risho da kula da fatsa, su shiga tafki su yi kwana biyu ko uku. A ƙasashen da kwalbar giya ke cikin kayan hutu, tambayar da ke biyo baya ita ce wa zai sha, yaushe, kuma a ina. Dokokin ƙasashen sun ba da amsa, kuma amsar ba ta wadatar ba. An aro ta ne daga dokar mota, shi ya sa idonta ke kan mai riƙe da sitiyari da kan ko jirgi yana tafiya. Alƙaluman mace-mace kuwa suna nuna cewa abin da ya fi kisa shi ne faɗawa ruwa, wanda ba ruwansa da wanda ke tuƙi. Don haka mai jirgin da ya ƙera da hannunsa yana bukatar ƙa'idar da ta fi ta hukuma tsauri.

A Amurka, dokar tarayya ta haramta tuƙa jirgin shaƙatawa idan barasar da ke jinin mutum ta kai kashi 0.08 cikin ɗari. Kafin 2001 iyakar 0.10 ce, sai aka sauko da ita ta yi daidai da ta direbobin mota. Ma'aikatan jiragen kasuwanci kuma an tsaya musu a 0.04. Rundunar tsaron gaɓar teku ce ke zartar da dokar tarayya, kowace jiha kuma tana da tata. Tun 2009 ake wani sintiri na shekara-shekara mai suna Operation Dry Water, a kusa da bikin 4 ga Yuli, inda jami'ai ke tare jirage suna sa matuƙa su hura na'urar gwaji. Wanda ya ƙera jirginsa a gida bai kuɓuta daga wannan ba. Da zarar ya sa masa inji sai ya yi rajista, jiha ta ba shi lambar shaida, ya shiga sahun sauran jirage. To amma a dubi inda dokar ta tsaya. A Minesota, mahaifar fontun, ba laifi ba ne a buɗe kwalba a cikin jirgi, ba laifi ba ne fasinja ya sha har ya bugu, kuma dokar tuƙi cikin maye ba ta hawa kan jirgin da aka jefa wa anka, wato ƙarfen da ke riƙe shi wuri ɗaya, ko aka ɗaure shi a gaɓa. Mutum huɗu za su iya tsayar da dandamalinsu a tsakiyar tafki da magariba, su kashe inji, su sha abin da suka ga dama, ba tare da sun taka layi ɗaya na dokar tuƙi ba.

Lardin Ontariyo na Kanada ya bi wata hanya, wadda ta fi shafar masu kwana a ruwa kai tsaye. A can ba a yarda kowa ya sha giya a cikin jirgi ba, ko matuƙi ko fasinja, sai jirgin ya cika sharuɗɗa: ya kasance yana da wurin kwana kafaffe, da wurin girki kafaffe, da banɗaki kafaffe, sannan yana tsaye a kan anka ko a ɗaure a gaɓa. Idan ya cika su, doka ta ɗauke shi tamkar gidan mutum. Tanti da ake naɗewa, da risho da ake ɗauka a hannu, da bokitin da aka mayar makewayi, ba su ne kafaffun da ake nufi ba, don haka yawancin jiragen ganguna ba su tsallake wannan siraɗi ba. Wanda aka kama yana tuƙa jirgi a buge a Ontariyo kuma yana iya rasa lasin motarsa. Wannan tsari ya fi na Minesota hangen nesa, domin ya san fasinja yana cikin lissafi. Duk da haka ma'auninsa bai dace da haɗarin ba. Yana tambayar ko jirgi ya yi kama da gida, alhali tambayar da rai ya rataya a kanta ita ce ko mutum zai iya zamewa daga bakinsa ya faɗa ruwa mai zurfi. Magini mai dabara zai iya ɗaure murhu da kusoshi, ya kafa gado da banɗaki, ya cika sharaɗin doka tsaf, bakin dandamalinsa kuma yana nan a buɗe yadda yake.

Hujja mafi ƙarfi a wannan magana ta fito ne a Disamba 2001, a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA. Gordon Smith da abokan aikinsa sun bi bayanan mutum 221 da suka mutu a jiragen shaƙatawa a jihohin Maryland da North Carolina tsakanin 1990 da 1998, suka kwatanta su da mutum 3,943 da aka tare a kan ruwa aka gwada su suna raye lafiya. Sun gano cewa haɗarin mutuwa yana fara hawa tun barasar jini tana 0.01, wato nesa ƙwarai da iyakar doka, kuma a 0.25 ya ninka kusan sau 52. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya girgiza masu tsara doka shi ne sauran sakamakon: hawan haɗarin kusan ɗaya ne ga matuƙi da fasinja, kuma bai sauya ba ko jirgi yana gudu ko yana tsaye. Da wannan kaɗai dabarar nan ta ware mutum ɗaya ya ƙaurace wa kwalba don ya tuƙa saura ta rasa rabin amfaninta. A mota tana aiki, domin fasinjan da ya bugu yana zaune a kujera, ƙofa a rufe, bel a ɗaure. A jirgi yana tsaye da ƙafafunsa a kan katako mai santsi. Rahoton shekara-shekara na rundunar tsaron gaɓar teku yana tafiya a kan layi ɗaya da wannan. A 2022 mutum 636 suka mutu a jiragen shaƙatawa a Amurka, a 2023 kuma 564. A duka shekarun giya ce kan gaba cikin dalilan da aka iya tantancewa, da kashi 16 da kuma 17 cikin ɗari na mace-macen. Kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka san sanadin mutuwarsu nutsewa suka yi, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu nutsewar ba sa sanye da rigar kariya.

Dalilin yana cikin jikin ɗan Adam. Tsayuwa a kan abin da ke lilo aiki ne da ido da tafin ƙafa da can cikin kunne ke yi tare, ba tare da mutum ya sani ba, kuma barasa tana fara taɓa wannan haɗin gwiwa tun kafin harshe ya yi nauyi. Wuni guda a cikin rana da iska da ƙarar inji da ƙyallin ruwa yana gajiyar da mutum ko bai sha komai ba, giya kuma ta zo ta hau kan gajiyar. Idan ya faɗa, sai wani lissafi ya fara. Ruwan tafkunan arewacin Amurka da Kanada yana da sanyi ko a watannin zafi, kuma farkon abin da jiki ke yi idan ya shiga ruwan sanyi shi ne jan numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba. In kai yana ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙa, ruwa ya shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana binciken wannan, ya taƙaita shi da lamba uku: minti 1 na daidaita numfashi, minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina biyayya, da kimanin awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Mintin farkon nan yana bukatar nutsuwa, ita ce kuma abin da giya ta riga ta ɗauke. Ruwan sanyi da ya shiga kunne yana iya rikita mutum har ya kasa bambance sama da ƙasa, a cikin duhu ya yi iyo zuwa zurfi yana zaton sama ya nufa. Ɗumin da mashayi ke ji a jikinsa ma yaudara ce, domin barasa tana buɗe jijiyoyin jini na fata, zafin jiki ya riƙa fita da sauri.

Masu fontun za su ce wannan duk labarin ƙananan kwale-kwale ne masu tangal-tangal, nasu jirgin faffaɗa ne, ba ya gudu, yaro ma yana yawo a kansa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa aka so shi tun zamanin Weeres. Sai dai kwanciyar fontun tana da iyaka, kuma ba ta gargaɗi kafin ta ƙare. Ganga mai lita 208 tana ɗaukar kimanin kilo 200 kafin ta nutse gaba ɗaya. A ce mutum ya sa goma, biyar a kowane gefe. A takarda yana da kilo 2,000, amma ganga zagayayya ce: daga ƙasa zuwa tsakiyarta faɗinta yana ƙaruwa, don haka tana ƙara turjiya, daga tsakiya zuwa sama kuwa faɗin raguwa yake yi, kowane kilo da aka ƙara yana nutsar da ita fiye da na bayansa. Shi ya sa masu hankali ba sa lissafi da fiye da rabi. Katako da inji da batir da tukunyar gas da jarkokin ruwa da tanti sun riga sun cinye mafi yawan wannan rabin. Sai fatsar mutum ɗaya ta kama babban kifi, maza uku su taso a guje su taru a kusurwa ɗaya, wani riƙe da koma, wani da tocila. Gangar kusurwar ta shige ruwa, katako ya karkata, ruwa ya hau kansa, kula da kujeru su gangaro su ƙara nauyi a inda ya riga ya yi yawa. Ko jirgin masana'anta bai tsira daga wannan ba. Ran 6 ga Maris 2004 wani fontun na haya mai suna Lady D ya kife a tashar ruwan Baltimore da mutum 25 a ciki, lokacin da guguwa ta taso, biyar suka mutu. Ba giya ce sanadi ba. Bincike ya nuna an yi lissafin lodinsa a kan cewa kowane fasinja fam 140 ne, kimanin kilo 64, alhali mutanen sun fi haka nauyi, kuma daga baya hukuma ta ɗaga ma'aunin zuwa fam 185. Idan jirgin da hukuma ta ba shi takarda zai iya kuskure iyakarsa, jirgin da ba wanda ya taɓa gwada shi, ba shi da farantin masana'anta mai faɗin adadin mutanen da zai ɗauka, kariyarsa ɗaya ce: mutanen da ke kansa su kasance a farke su lura da inda suke taka ƙafa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, domin ya taɓa 'yanci. Mutum ya yi aikin mako, ya ƙera jirgi da guminsa, ya tsaya a lungun tafki inda ba ya damun kowa, inji a kashe. Wa ya isa ya ce masa ga abin da zai sha a inda zai kwana? Ba ina kiran hukuma ta aika jami'ai su leƙa tantin kowa ba ne, kuma dokar da ba za a iya zartarwa ba tana zubar da mutuncin sauran dokoki. Magana ce ta mai jirgi da baƙinsa. Amma kwatanta dandamalin da gida yana rushewa ne daidai lokacin da aka fi dogara da shi, wato da dare. Wanda ya sha giya da yawa dole ya tashi fitsari. A jirgin ganguna wannan yana nufin ya fito daga tanti cikin magagin barci, ya taka katakon da raɓa ta jiƙa, ya tsallake igiyar anka da sandunan fatsa, ya je ƙarshen dandamali inda sau da yawa an bar shinge a buɗe don jawo kifi, ya tsaya hannuwansa ba sa riƙe da komai. Ba wanda ke sa rigar kariya don wannan 'yar tafiya. In ya zame, waɗanda za su ji ƙarar faɗuwarsa suna barcin da giya ta ƙara wa nauyi. Jirgin da ke kan anka ma ba a gama da shi ba. Iska tana juyawa da tsakar dare, anka tana jan ƙasa, hadari yana tasowa, kuma a wannan lokaci dole wani ya tayar da inji ya nemi mafaka. A daƙiƙar da ya murza makulli ya zama matuƙi a idon doka, da duk abin da ke cikin jininsa. Akwai kuma iskar kabon monoksayid da janareta ko na'urar ɗumama tanti ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, kuma a cikin mutanen da suka sha, kowa zai ɗora laifin a kan kwalba ya ce wa mai ciwon ya je ya kwanta, a cikin tantin da iskar ta taru.

Wasu kuma za su juya alƙaluman su ce idan giya ce sanadin kashi 17, ashe kashi 83 ba ita ba ce, don haka a bar maganar kwalba a matsa wa mutane su sa rigar kariya. Rigar kariya ita ce abu ɗaya da ya fi ceton rai a kan ruwa, ba na jayayya da wannan. Sai dai kason da rahoto ke bayarwa na inda aka tabbatar giya ce babban dalili ne kawai, ba a gwada jinin kowace gawa, wata ma sai bayan kwanaki ake tsamo ta. Sannan abubuwan biyu ba kishiyoyi ba ne. Rigar tana aiki ne idan tana jiki, kuma shawarar sa ta, da ɗaure maɗaurinta, da ƙin cire ta idan zafi ya dame shi, duk hukunci ne na hankalin da giya ke sassautawa.

Mai karatun da addininsa ya riga ya rufe masa wannan ƙofa zai iya ganin babin bai shafe shi ba. Ya shafe shi ta fuska biyu. Dokokin Amurka da Kanada ba giya kaɗai suka ambata ba, maye suka ambata, ko daga ina ya fito. Kanada ta halatta wiwi a Oktoba 2018, amma tuƙa jirgi bayan an sha ta laifi ne iri ɗaya da na giya. Duk abin da aka faɗa a sama game da daidaiton tsayuwa da mintin farko a cikin ruwa yana hawa kan tiramadol da maganin tari mai kodin, har da maganin mura na halal da ke sa gyangyaɗi. Ta ɗaya fuskar kuma, wanda bai sha ba yana tsaye a kan katako ɗaya da wanda ya sha. Idan dandamali ya karkata tare za su gangara, kuma mutumin da ke nutsewa yana damƙar duk wanda ya matso kusa da shi.

Ƙa'idar da hujjojin nan ke kaiwa gare ta gajeriya ce, kuma ya kamata mai jirgi ya faɗe ta tun a gaɓa kafin a kwance igiya, lokacin da kowa ke da damar ya ce ya fasa. Muddin akwai ruwan da ya fi tsayin mutum a ƙarƙashin katako, ba a buɗe kwalba, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, ko ga matuƙi ko ga baƙo. Wanda ya ga dole sai ya sha, a kai jirgi gaɓa a ɗaure, a kafa tanti a tudu inda dokar wurin ta yarda, a kwana a can, kuma mutum ɗaya da ya iya inji ya zauna garau. Wannan ya fi dokar Minesota tsauri nesa ba kusa ba, ya kuma wuce ta Ontariyo, tunda bai karɓi banɗaki kafaffe a matsayin hujja ba. Za a ce ƙa'ida mai tsauri karya ta ake yi. Sau da yawa akasin haka ne ke faruwa. Wadda ake karyawa ita ce mai cewa a sha kaɗan, domin ta bar wa mashayi aikin auna kansa, da ma'aunin da kwalbar farko ta riga ta taɓa. Wadda ta ce a nan a'a, a can e, ba ta bukatar kowa ya yi lissafi.

Saura safiya, wadda masu kwana a ruwa suka fi mantawa da ita. Masu fatsa da asuba suke fita, lokacin da kifi ke cin ƙugiya. Hanta kuwa tana sauke barasar jini da kimanin 0.015 ne a awa, kuma kofi ko wanka da ruwan sanyi ko barci ba sa ƙara mata sauri. Wanda ya kwanta da ƙarfe 1 na dare jininsa yana 0.16, zai tashi da ƙarfe 5 yana kusan 0.10, sama da iyakar Amurka da ta Kanada, ko da yana jin ya wartsake. Sai wajen ƙarfe 6 da rabi zai sauka ƙasa da layin doka, kuma binciken 2001 ya nuna haɗarin bai tsaya a wannan layi ba. Don haka ko an sha a tudu, ƙa'idar tana bukatar lokacin rufe kula tun da sauran dare, sannan wanda ya zauna garau jiya shi ne zai kwance igiya ya riƙe sitiyari, sauran kuma su hau da rigunansu a ɗaure.